Nonon da Ya Sha

Mutane kan tambaye ni yadda aka yi na iya karatu, ni da ban taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, wadda muke kira lakol. Nakan ce Allah ne ya nufa, su gyaɗa kai su wuce. Gaskiyar magana, haushi ne ya koya mini. Da goyo a bayana na zauna a ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu a Tawa, ina haɗa baƙi da wasali, don kawai in ga da idona abin da taubashina ya rubuta a kan uwata.

Ɗan wan Inna ne. Shi ɗan namiji, ni ɗiyar mace, saboda haka tun muna yawo ba zane muke zagin juna, ina ce masa bawana, yana ce mini baiwarsa, kuma ba mai shiga tsakani. A Affala muka tashi, gida ɗaya, akushi ɗaya. Da aka zo kamun yara don lakol, kowa ya ɓoye nasa a rumbu, shi kuwa aka same shi yana hamma a bakin rijiya, aka tasa ƙeyarsa zuwa Tawa. Daga Tawa sai Yamai. Kafin a sauke tutar Faransa ya riga ya zama mushe, wato malamin lakol, da wando mai karin guga, da tabarau, da wata Hausa irin ta rediyo wadda ba mu san inda ya samo ta ba.

Koyarwar ba ta riƙe shi ba. Ya shiga rubuta 'yan littattafai da boko, masu zane a bango: dodon da ke gadin rijiya, garin aljanu da ke ƙarƙashin dutse, yaron da ya auri ɗiyar iska. In faɗi gaskiya ko da ba na so, ya iya. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, suka riƙa ɗaukar littattafan zuwa Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, har suka tsallaka Sakkwato. Wanda bai san bihim ba ma yakan saya, ya je neman mai karanta masa. Aka fara karanta su a rediyo. A Tawa in ka ce ka san shi, sai a matsa maka a kan benci.

Labaran kuwa na Inna ne, ko in ce ƙashinsu nata ne, shi ya sa musu nama. Inna fura take sayarwa a kasuwar Affala, a gindin wata aduwa, kuma duk garin babu mai bakin gatana kamarta. Da aka karanta mata na farko ba ta ji komai ba sai daɗi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Dodona ba shi da hula. Wa yas sa mishi hula?" Ta riƙa faɗa wa masu sayen fura cewa yaronta ne ke magana a cikin akwatin nan. Ba ta taɓa ce masa ɗan wana ba, yarona take cewa.

Sai littafin mayya ya fito. A cikinsa akwai wata tsohuwa mai sayar da fura a gindin aduwa, wadda lauje ya cire wa kan ƙaramin yatsan hagu, wadda takan yi tari sau ɗaya kafin ta kira mai saye, tana saka munduwa guda a hannu saboda ta sayar da ɗayar munduwar a shekarar yunwa. Cikin nonon da take damawa take kama kurwar yara. Sunanta kaɗai ya canza, da sunan garin. Yatsan na Inna ne, tarin nata ne, munduwar ma tata ce, ni kaina na san shekarar da aka sayar da ɗayar.

A Yamai wataƙila an karanta an yi barci. A Affala malamin yaƙi da jahilci ya karanta shi a gindin bishiya, mutane sun yi da'ira, kuma tun bai kai tsakiya ba aka fara kallon juna. Wani ya ce ai yaron a gidanta ya tashi, in bai ga wani abu ba me zai sa ya rubuta. Wani ya ce abin da aka buga da inji ba ya zama ƙarya, gwamnati ba za ta bari ba. Kafin kasuwa ta zagayo, maganar ta gama gari.

Ni ina Tawa lokacin, a gidan mijina. Da na je ganin Inna na same ta a gindin aduwar ita kaɗai, ƙwaryar fura cike, ƙuda na yawo a kan faifai. Mata suna zagaye ta nesa, kowace ta ja ɗanta ta ɗaya gefen. Matan Fulanin da ke kawo mata nono sun daina tsayawa. Ta ga na gani, sai ta ce rana ce ta yi zafi, mutane ba su fito ba. Kasuwar kuwa cike take har ba wurin aje ƙafa. Muka koma gida da furar, muka sha abin da za mu iya, sauran ta yi tsami aka ba awaki.

Abin bai tsaya nan ba. Ɗan maƙwabciyarta ya kwanta da zazzaɓi, cikin sambatu ya ambaci mai fura. Yaron da kullum yake zuwa lasar ludayi, wa zai ambata in ba ita ba? Amma a wurinmu in marar lafiya ya kira sunan wadda ake zargi, magana ta ƙare. Da hantsi mutane suka cika ƙofar gidan Inna, suka ce ta fito ta tsallake shi, don haka ake yi wa mayya ta saki kurwar da ta kama. In ta ƙi, yaron ya mutu, ita ce. In ta yarda, ta amsa sunan ke nan. Ta dubi uwar yaron, wadda ita ta karɓi haihuwarta, ta tattara zanenta ta tsallake. Yaron ya warke, kamar yadda yara ke warkewa daga zazzaɓi. Warkewarsa ita ta ƙarasa kashe Inna, domin daga ranar ko masu shakka sun daina shakka.

Da taubashina ya zo Tawa hutu na same shi a masaukinsa, yana shan kafe da abokansa na bariki. Na ja shi gefe na zayyana masa komai, har da tsallakewar. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Haba baiwata, labari ne kawai. Ai ban ambaci sunanta ba. Jahilcin mutane ba laifina ba ne." Ya ce yana bukatar fuska ne, fuskar Gwaggo kuma ita ta fi zama masa a ido. Ya ma ce littafin ya fi sauran tafiya. Da ya ce ya tsane ta, da na fi samun sauƙi. Ashe ko tsanar babu, ɗaukarta kawai ya yi kamar yadda ake ɗaukar muciya a yi tuƙi a jingine. Na fito daga gidan, a bakin ƙofar na yi wa kaina alkawari sai na ga ya ɗanɗana.

Na yi tunanin boka, na ga ko asirin ya ci shi Inna ba za ta wanku ba. Na ƙona littafin guda a murhu, washegari na ga tarinsa a teburin mai sayarwa. Shi ne na shiga ajin karatu. Mijina ya ce haukan me nake yi, na ce masa ina so in san maƙiyina ciki da bai. Damina ta wuce, aka yi girbi, ina nan ina fama da baƙaƙe, har ranar da na iya bin layi da yatsa ba tare da na nemi taimako ba.

Na karanta littafin mayyar a hankali, ina tsayawa in tofar da yawu. Can wajen ƙarshe ya ɓata shafi guda yana bayanin yadda maita ke bin nono: duk jaririn da ya kama maman mayya ya sha, ko da sau ɗaya ne, ya ɗauka, ba wanka ba rubutun sha da zai fitar. Ba sabon abu ba ne, kowa a ƙasarmu ta Adar ya san haka ake faɗa. Amma ganinsa da rubutunsa, da iyawarsa, ya sa na fashe da dariya har goyona ya farka. Uwar taubashina ta rasu yana jinjiri, ni kuma ina 'yar wata biyu a duniya. Inna ce ta haɗa mu, ni a dama shi a hagu, har aka yaye mu tare. Shi ya sa ba a taɓa zancen aure tsakaninmu ba, ko da yake taubasai ne mu. Tsofaffin Affala sun sani, amma wa zai tuna wa babban mutum irin wannan? Mutanen Tawa kuwa ba su taɓa ji ba.

Na tafi Affala na gaya wa Inna abin da na ƙulla. Ta rame, har munduwar tana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ta saurare ni, ta ce, "Ahir ɗinki. Ba a gorin nono. Don Allah nib ba shi, ba don shi biya ni ba." Na ce ai ba biya nake nema ba. Ta ce, "In kin hwaɗi haka cikin mutane, ke ma kin sa kanki ciki, tunda tare kunka sha." Na ce na sani. Dangin mijina sun riga sun daina cin abin da na dafa in ba shi a gida, me ya rage a ɓata mini? Ban yi mata alkawarin komai ba, ita ma ta ga ban yi ba.

Na jira. A shekarar ne aka sa wa taubashina rana da ɗiyar wani Alhaji, babban dillalin shanu na Tawa, mutum mai tsantseni wanda ko gaisawa da mahauci sai ya duba hannunsa. Taubashina ya zo daga Yamai da sabon littafi, aka ajiye masa kujera a rumfar mai sayar da littattafai ranar kasuwar Lahadi. Mutane suka yi dafifi, 'yan lakol, ma'aikata, fatake. Alhajin na zaune kusa da shi cikin babbar riga, yana karɓar gaisuwa kamar shi ya rubuta. Na ci ado, na ɗora ƙwaryar nono a kai, na ratsa taron.

Abin da ya ba ni hanya shi ne taubasantaka. Duk abin da taubashiya ta faɗa wa taubashinta a bainar jama'a wasa ne, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Na ɗaga murya tun daga nesa: "Ina bawana? An ce ya zama babba, har shina zama bisa kujera!" Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ce wa Alhajin, "Baiwata ce, ta zo gaishe da ubangijinta." Na sauke ƙwaryar a gabansa na buɗe faifai.

Na ce, "Ga nono na kawo ma. Na san kana son shi tun kana ƙarami."

Ya ce ya gode, a kai masauki.

Na ce, "Tsaya tukuna. Na karanta littahinka na mayya, da kaina. Ka ce wanda duk yas sha nonon mayya ya zama maye, ko ba haka kar rubuta ba?"

'Yan lakol suka amsa kafin shi, suna murna sun san wurin: haka ne, haka ne. Ya gyara zama, murmushin ya fara bushewa.

Na ce, "To bawana, hwaɗa ma jama'a. Da uwarka tar rasu kana cikin tsumma, nonon wa kas sha?"

Wasu suka ci gaba da dariya don ba su gane ba. Amma ranar kasuwa ce, mutanen Affala sun shigo da dabbobi, kuma ta bakinsu maganar ta bi taron, kunne zuwa kunne. Na ga lokacin da ta isa ga Alhajin.  Ya janye gefen rigarsa da ke taɓa kujerar taubashina, ya miƙe, ya ce zai je ya duba shanu. Wata mata da ta miƙa jaririnta don marubuci ya shafa masa kai ta fizge shi ta juya. Taubashina ya buɗe baki, Hausar rediyon ta ƙi fitowa. Fushi ba dama, tunda wasa ne. Ya yi tsuru-tsuru yana kallon ƙwaryar. Na ɗauki abata na ce tunda bawa ya ƙoshi, bari in kai wa masu yunwa. Daɗin da na ji a hanyar gida ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da na haihu.

Bayan kwana kaɗan taubashina ya zo gidana, ba tabarau. Alhajin ya aiko cewa a dakata da maganar aure har a ga abin da hali ya yi. Ya zazzage ni tas, ya ce na ɓata masa suna a kan abin da shi bai ma yarda akwai shi ba. Na ce masa ai labari ne kawai.  Can ya ce zai rubuta wani littafin, inda za a gano tsohuwar ba mayya ba ce, sharri aka yi mata. Na ce ya riƙe littafinsa. Affala ba ta bukatar a sake karanta mata komai. Na ce ya je ranar kasuwa, da rana tsaka, ya durƙusa a gindin aduwar nan ya sha fura daga hannunta kowa na gani. In ta wanku ya wanku, tunda yanzu igiya ɗaya ta ɗaure su.

Ya je. Ni na riga shi isa, na sa Inna ta daka fura bayan ta daɗe da dainawa, na nemo nono da kaina. Ba ta so, amma ta fito. Ya iso a motar wani abokinsa ta bariki, kasuwa ta watse ta taru a kansa. Ya tsaya ya yi jawabi mai tsawo a kan ƙirƙira da hikimar marubuta, ba wanda ya fahimci ko rabi. Wani tsoho ya ce masa, "Mushe, in sha za ka yi, sha." Ya dubi ƙasa, ya ja wandon gugar, ya durƙusa.

Inna ta dama furar a hankali, yatsan nan guntu a bakin ƙwarya inda kowa ke iya gani. Ta cika ludayi.  Ta miƙa masa, ta ce da muryar da take kiran masu saye da ita, yadda har na bayan taro suka ji:

"Sha, yarona. Ba yau ka hwara ba."

Shi ne gori ɗaya tak da na taɓa ji daga bakinta. Ya sha kansa a sunkuye, furar na zuba a gaban rigarsa, ta sake cikawa ya sake sha, har ƙwaryar ta yi rabi. Bai iya ɗaga ido ya dube ta ba. Da ya tashi ba wanda ya miƙa masa hannu, aka dai buɗe masa hanya, fiye da yadda ake buɗe wa babban mutum.

 Sannan maƙwabciyar nan, uwar yaron da aka tsallake, ta matso da 'yar kwanonta, ta tsuguna, ta ce a zuba mata. Inna ta zuba ba tare da ta kalle ta ba. Bayanta wasu biyu suka zo. Ba a sayar da furar duka ba, amma ba a kai wa awaki ba.

A hanyar gida ina ɗauke da ƙwaryar, Inna na gaba. Muka iso kusa da ƙofa. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kin sa na yi abin da nic ce ba a yi. To, kin huce?"

Na ce, "Da saura, Inna."

Auren bai yiwu ba, Alhajin ya ce shi ba ya sayen saniyar da ake gardama a kan lafiyarta. Taubashina ya koma Yamai ya ci gaba da rubutu, aka juya littattafansa zuwa Faransanci, ya yi suna har inda ban san sunan garuruwan ba. Inna ta koma gindin aduwarta, ta sayar da fura har ƙarfinta ya ƙare, kuma ranar da ta rasu gidan bai ɗauki masu gaisuwa ba. Mutanen Affala sun yanke nasu hukuncin a hankali: tsohuwar dai sun zauna da ita sun ga ba ta da komai, amma mutumin da ya san sirrin mayu dalla-dalla haka, har ya cika littafi, a ina ya koya? Duk lokacin da ya zo garin, har ya yi furfura, mata na ganin motarsa suke kwashe yara su shige gida. Sau da yawa a gabana ake yi, wasu har su tambaye ni ko gaskiya ne, tunda ni na iya karatu. Ban taɓa buɗe baki na gyara musu ba.